Baƙon da Ke Kallon Gabas

Talata, da hantsi

Ni Manu baduku nake rubutun nan a zaurena, cikin Birnin Kudu, a farkon daminar shekara ta dubu da ɗari biyu da casa'in da shida ta hijira. Takardun ragowa ne na malaman da ke kawo mini ɗinkin gafaka. Rubutu ba sana'ata ba ce. Amma tun da aka fara rufe ƙofofin gari tun la'asar, ba mai kawo aiki, kuma hannuna bai iya zaman banza ba.

Mutanen dutse, maharan nan, sun sake saukowa. Iyakar abin da zan faɗa a kansu ke nan.

Baƙona ya sha kunu yau bai amayar ba. Sunansa Iliyasu, Balaraben Sham ne. Madugu Maikuɗi ya sauke mini shi kafin ruwan farko, zazzaɓi ya kusa gamawa da shi, ya ce ayarin Bauci ba zai jira mara lafiya ba. Ya kama hannuna ya ce, "Manu, amana. Malami ne." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Wa ke tambayar Balarabe addininsa?

Kulu matata ta ce tun da muka yi aure ban taɓa yabon kununta ba, sai ga mutum daga bangon duniya yana sa mata albarka a kan kowane ludayi. Na ce yunwa ce. Ta ce to Allah ya kawo mini irinta.

Laraba, bayan azahar

Zaren carbinsa ya tsinke, na karɓa na gyara. Wani irin carbi ne, 'ya'yan a rarrabe kashi-kashi, ba kamar namu ba. A ƙarshensa akwai ɗan ƙarfe mai reshe huɗu, ya goge saboda shafa. Na san zanen, ina yin sa a jikin jakunkunan Azbinawa. Na ce masa ashe har Sham ana son adon Azbin. Ya dube ni kamar zai yi magana, tari ya sarƙe shi. Hausarsa ta hanya ce, a hankali yake ɗauko kalma.

Kullum da asuba ina ganinsa ta labulen asabari. Yana durƙushe, fuskarsa gabas, leɓɓansa na motsi. Ba ya iya tsayuwa tukuna. Larabcin da ke fita daga bakinsa, wallahi ko liman bai da irinsa.

Alhamis, da magariba

An rufe ƙofa da wuri. Dawata na can a gona, ciyawa na cinye ta.

Asabar, da la'asar

Magana ta bazu cewa akwai mai nuna wa mutanen dutse hanya. Barau, shugaban masu tsaron ƙofa, yana bi gida-gida yana fitar da baƙi. Tare muka yi makarantar allo da Barau, kuma tun a can bai iya tambaya ba sai da tsawa.

Ya tsaya bakin zaurena ya ce, "Manu, an ce kana ɓoye farin mutum."

Na ce, "Ɓoyewa? Ga shi nan a kwance, duk unguwa na jin tarinsa."

"Wa ya san shi? Wa zai tsaya masa?"

Raina ya ɓaci. Na ce ni zan tsaya masa. Ya ce to mu je masallaci. Muka je, na yi alwala a gaban jama'a, Liman Hadi ya miƙo Alƙur'ani, na ɗora hannu. Na rantse baƙona Musulmi ne, ba ruwansa da mutanen dutse, na gan shi da idona yana fuskantar gabas, da carbi a hannunsa. Har na ƙara da cewa ina jin Sharifi ne. Wannan ba wanda ya tambaye ni.

Na dawo ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Ban gaya wa baƙon ba, kada hankalinsa ya tashi.

Lahadi, da hantsi

Yau ya roƙi Kulu ɗan gutsuren waina da ruwa a ƙoƙo, ya ce a bar shi shi kaɗai na ɗan lokaci. Da ya gama fuskarsa ta yi haske. Kulu ta ce ɗariƙarsu ce haka.

Mata sun fara aiko da ƙwarya a tofa musu. Ni na jawo, da bakina. Na shiga kasuwa na ce Sharifi, na fita na ce Sharifi.

Litinin, bayan la'asar

Liman Hadi ya zo gaishe shi. Tsoho ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya ko a huɗuba. Suka shiga Larabci, ni ina gefe ina ɗinkin fata, ina kama ɗaya ina rasa goma. Sun daɗe. Na ji sunan Annabi Isa, na ji na Nana Maryamu.

Da na raka shi waje, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, yaya ka ga malamin namu?"

Ya ce, "Mutumin kirki ne. Manu, ka bar shi ya huta. Kada ka kawo shi masallaci. Ka kuma rage magana."

Rage magana! Na ɗauka hassada ce irin ta malamai. Allah ya yafe mini wannan zaton.

Laraba, da asuba

An ga hayaƙi ta wajen Kangire jiya. Ba wanda ya fita dubawa.

Laraba, da magariba

Dattawan unguwa sun zo a kan cewa ranar Juma'a Sharifi ya shige gaba ya ja mu alƙunutu, ko Allah ya ɗauke mana wannan masifa. Haka ake yi wa babban baƙo mai ilimi, a ba shi gaba. Ya fara takawa da sanda yanzu, ba ni da uzurin da zan kawo. Na ce musu an gama.

Na shiga na gaya masa da murna. Na haɗa har da labarin rantsuwar.

Alhamis, da hantsi

Ya faɗa mini.

Alhamis, bayan azahar

Na soke yatsana da basilla sau ba adadi. Na ajiye aikin.

Bari in rubuta, ko ƙirjina ya yi sauƙi. Banasare ne. Ba ma Banasare kawai ba, limaminsu ne, na jama'ar da ya ce ana kira Katolika. Ba ya aure, ba shi da gida, an aike shi wajen 'yan'uwansa da ke can bakin babban kogi a kudu. Ƙarfen nan da na kira adon Azbin, alamar addininsu ce. Maikuɗi ya sani, shi ya hana shi magana a hanya. Liman ma ya sani tun ranar Litinin.

Na yi masa faɗa kamar zan tsage zauren. Na ce, "Ka ci tuwona, ka kwana a tabarmata, ka bar ni na ɗora hannu a kan Littafi!"

Ya ce, "Malam Manu, ban san ka rantse ba. Da na sani da na rarrafa na hana ka. Amma shirun da na yi, laifina ne. Na ji tsoro. Ka yafe mini."

Na so ya yi musu, in sami abin kamawa. Bai yi ba.

Na ce, "To gabas fa? Me ya kai ka gabas?"

Ya ce, "Mu ma can muke kallo."

Alhamis, da la'asar

Na roƙe shi. Ni da nake tsawa ɗazu, na durƙusa. Na ce ba sai ya ja salla ba, zan ce muryarsa ta dushe. Ya tsaya a sahun baya kawai, in an sunkuya ya sunkuya, in an ɗago ya ɗago. Wa zai leƙa zuciyarsa?

Ya ce, "Wanda nake bauta wa zai gani. Kuma sallarku ba abin wasa ba ce, Malam Manu. Na ga yadda kake yin ta. Ba zan shiga cikinta da ƙarya ba."

Na miƙe tsaye. Haushi ya ƙara kama ni.

Kulu ta kawo kunu kamar kullum. Na ce ta san ko wane ne? Ta ce ta ji, katangar ba ta da kauri. Ta ce, "Malam, cikinsa bai canja addini ba tun jiya." Ta ajiye masa ta fita.

Juma'a, da hantsi

An shigo da gawawwaki daga gonakin kudu. Akwai Ɗanbala, ƙanen Barau. Noma ya fita yi.

Juma'a, bayan la'asar

Sun zo ɗaukarsa zuwa masallaci, mutane cike da ƙofar gida, wasu na kuka, wasu na kiran Sharifi. Na tare ƙofa na ce jikin ya tashi. Sai na ji sanda a bayana.

Ya tsaya da kyar. Ya yi magana da Hausarsa mai ɗingishi, amma kowa ya ji. Ya ce shi ba Sharifi ba ne, ba Musulmi ba ne, mabiyin Almasihu ne kuma limami a cikinsu. Ya ce bai san mutanen dutse ba, bai taɓa ganinsu ba. Ya ce, "Manu bai yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya faɗa. Ni ne ban gaya masa ba."

Wata mata ta saki ƙwaryarta.

Barau ne ya fara magana, bai ma yi tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce an rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya a tsakiyar gari, kuma kowa ya san rantsuwa ba ta faɗuwa ƙasa banza, sai ta ci wani. Ya ce ta tsallake Manu ta ci Ɗanbala. Mutane suka fara gyaɗa kai. Ni ma, Allah ya sani, na kusa yarda, don da wannan aka rene mu.

Ya ce magani ɗaya ne. Baƙon ya yi kalmar shahada yanzu, rantsuwar ta zama gaskiya, gari ya huta.

Liman Hadi ya ratso jama'a. Ya ce ba a tilasta wa mutum addini. Ya ce baƙon ma'abocin littafi ne, ya shigo da amana, jininsa haramun ne kamar na kowa a nan. Ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya zata gaskiya ne, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma ajali ne ya ɗauki Ɗanbala. Ya faɗa ya maimaita. Saboda furfurarsa aka watse, ba don an yarda ba.

Asabar, da asuba

An jefo mushen kare cikin gidana.

Asabar, da magariba

Ba wanda ya amsa sallamata a masallaci sai liman. Ya ja ni gefe ya ce masu iko duk suna wajen yaƙi, ba wanda zai riƙe Barau in ya tashi. Ya ce in fitar da baƙon daga gari. Ta Gwaram ayarin Bauci ke bi, kuma Sada yayan Kulu yana can.

Na gaya wa Iliyasu. Ya ce in nuna masa hanya kawai, ya tafi shi kaɗai. Na ce da wace ƙafar? Hannu aka kama aka ba ni shi, hannu zan kama in mayar.

Litinin, da azahar, a hanya

Mun fito jiya da buɗe ƙofa, shi a kan jaki, ni a ƙasa. Kulu ta ɗaure mana fura da ƙuli-ƙuli, ta ƙi fitowa rakiya. Gonaki duk ba kowa, gero ya kai gwiwa ba mai nome shi. Kowane kurmi sai na ga kamar ya motsa.

Mun huta a gindin tsamiya. Ya ba ni labarin garinsu, kan dutse, wai ruwa na daskarewa ya sauko fari kamar auduga. Na ce ƙaryar matafiya. Ya yi dariya har ya yi tari. Uwarsa na nan da rai lokacin da ya taso, tana da itacen zaitun a ƙofar ɗaki.

Na ce, "Me ya raba ka da wannan duka, ka zo ka mutu a dajin Gwaram?" Na faɗa da wasa.

Ya ce, "Kira aka yi, na amsa."

Na yi masa wa'azi, ba zan ɓoye ba. Na ce Annabi Isa bawan Allah ne, manzonsa, kuma ina yi masa kwaɗayin abin da nake yi wa kaina. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce ya gode, ya san don ƙauna na faɗa. Shi ma ya faɗi nasa. Ba wanda ya ja wani. Muka raba furar.

Talata, da la'asar, Gwaram

Sada ya karɓe mu da fuska biyu. Labari ya riga mu isowa, ban san ta yaya ba. Ya ba mu bukkar da yake ajiye kara a bayan gida, ya ce don Kulu ya yi. Ayari bai zo ba. An ce hanyar Bauci a rufe take.

Laraba, da hantsi

Ayari bai zo ba.

Alhamis, da magariba

Ayari bai zo ba. Iliyasu ya wanke wa Sada gyambon da ke ƙafarsa da ruwan zafi da gishiri, ya ɗaure. Sada ya kawar da kai duk lokacin, amma da yamma tuwon da aka aiko ya fi na jiya.

Da asuba har yanzu yana durƙusawa. Ni ina salla a nan, shi yana can, duk fuska ɗaya. Na daina jin haushin abin. Wani lokaci ma sai in jira ya gama kafin in shafa.

Juma'a, bayan azahar

Wani mai kiwo ya ce ya ga mutane da baka ta wajen Kwandiko suna tambayar farin mutum. Ba mutanen dutse ba ne, ya ce, Hausarsu ta Birni ce. An sake kai hari can gida, an ƙone rumbuna.

Iliyasu ya ciro carbin ya ba ni. Ya ce in Maikuɗi ya dawo in ba shi, ya san inda zai kai. Na ce ya riƙe kayansa, ba na son irin wannan magana. Ya sa mini a aljihu. Ya ce, "Ɗinkinka ya fi na wanda ya yi shi ƙarfi."

Na sake roƙonsa, wannan karon a kan kalmar shahada. Na ce kalmomi ne kaɗan, numfashi ɗaya. Ya faɗa da baki, in ya isa kogi ya nemi gafara wajen nasa. Na ce ko don ni, don a daina cewa rantsuwata ta kashe Ɗanbala.

Nan ne na ga hawayensa. Ya ce, "Da jinina zai wanke sunanka, da na ba ka. Wannan kuwa ba nawa ba ne da zan bayar." Ya ce yana jin tsoro ƙwarai, kada in zata ba ya ji.

Asabar

Su Barau sun zo da hantsi.

Asabar, da la'asar

Ba zan rubuta ba.

Lahadi, da asuba

Na tashi na duba gefena.

Lahadi, bayan azahar

Abin da zan iya. Iliyasu ne ya fita da kansa, don sun ce za su sa wa gidan Sada wuta. Ya bar sandar a bukka. Suka tafi da shi bakin rafi. Biyu suka danne ni, har yanzu kafaɗata ba ta ɗaguwa. Na kira Barau da sunan da muke kiransa a makaranta, na tuna masa maganar liman, na ce ni na rantse, ni za a kama. Bai waiwayo ba.

Ya nemi ya yi kalmar shahada, ya sake nema. Ina jin da gaske Barau yake so ya ji an faɗa, ya koma gida. Iliyasu ya ce yana girmama abin da suke girmamawa, amma shi na Almasihu ne. Ya ce Allah ya ji ƙan Ɗanbala. Ya roƙi a bar shi ya durƙusa. Ya duba rana, ya gyara zama.

Sauran na gani. Ya isa.

Da za su tafi ba wanda ya dubi wani. Barau ya wuce ta gabana.

Lahadi, da magariba

Jiya ba wanda ya yarda ya taɓa shi, na rufe shi da rigata da ƙaya saboda kuraye. Yau na je aron dagi, gida uku aka ce ba shi. Na fara tono da fartanya a gindin wata ɗorawa, sama da rafin, inda ruwa ba ya kaiwa. Ƙasar da taushi, damina ta taimaka. Da hannu ɗaya nake yi.

Ina cikin haka sai ga Sada yana ɗingisawa, da dagi a kafaɗa da farin ƙyalle a hammata. Bai yi sallama ba, ya shiga ramin. Ɗaurin da aka yi masa ranar Alhamis na nan a ƙafarsa.

Ba mu yi masa salla ba, ba tamu ba ce, kuma shi da kansa ba zai so ba. Tasu kuwa ban iya ba. Ban taɓa tambayarsa yadda suke binne nasu ba. Duk surutun da na yi a hanya, wannan ban tambaya ba.

Da muka sauke shi Sada ya tsaya, ya share gumi, ya ce, "Malam Manu, ina za mu juya fuskarsa?"

Na ce gabas.

Ya ce, "Ka tabbata? Kada mu ƙara wani laifin."

Na ce na tabbata. Na ɗora hannu a kan Littafi na faɗi abubuwa a kan mutumin nan, na ce Musulmi, na ce Sharifi, duk sun zube. Amma na ce na gan shi yana kallon gabas, kuma jiya ma da ya durƙusa can ya kalla. Na kama kansa da hannuna mai lafiya na juya shi.

Sada ya fara tura ƙasa.